Ruwan da Muka Ja wa Iya Larai

Shekara talatin da 'yan kai, duk wanda ya fito daga masallacin garinmu, Rijiyar Bilal, bayan sallar asuba, in ya dubi gabas, zai hango wata doguwar mata tana bin hanyar gona, ƙwarya a ka, sanda a hannu. Iya Larai ke nan. A bakin sandar akwai gwangwanin madara da ta ɗaure da waya. In ta isa gona ba ta taɓa komai sai ta lashi ɗan yatsa ta ɗaga sama ta ji ta inda iska ke zuwa, sannan ta juya mata baya. Daga nan sai ta shiga zura gwangwanin tana murɗo 'ya'yan shukarta ɗaya bayan ɗaya. Kafin hantsi ta gama, domin da zarar raɓa ta bushe iska ta motsa, wurin ba ya shiguwa.

Shukar da take yi wa wannan hidima, masu karatu murtsunguwa suke ce mata. Mu nan tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari ɓauren ƙaya muka san ta. Ba ta da rassa irin na sauran itatuwa. Ganye ne mai kauri, faffaɗa kamar tafin hannun ƙato, wani ya fito a kan wani har ta fi mutum tsawo, 'ya'yan kuma su jeru a gefen ganyen, cikinsu ruwa da zaƙi. Manyan ƙayoyinta ba su ne abin tsoro ba, tunda kana ganinsu. Abin tsoro shi ne ƙaiƙayin da ke jikin 'ya'yan, wanda ido ba ya gani sosai, iska kuma na ɗaukarsa. In ya shiga fata sai ka kwana uku kana susa. In ya shiga ido kuwa, sai dai addu'a. Shi ya sa Iya ke zube 'ya'yan a kan rairayi, ta share su da ganyen darbejiya, ta sake mirgina su, ta wanke, kafin ta yarda wani ya kai hannu.

Ni maƙwabcinta ne, danga ɗaya ta raba mu, kuma tsohon malamin firamare ne da ya ajiye alli. Abu biyu ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so in yabe ta tun tana da rai tana ji, ba sai an taru a ƙofar gidanta ana cewa ai mutuniyar kirki ce ba. Ina kuma so in faɗi abin da muka yi mata bana, domin ni na ja gaba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Marigayi mijinta ne ya zo da ganye uku daga Damagaram, ya kafa a bakin gona don su zama shinge saboda awaki. Bai daɗe ba Allah Ya karɓi abinsa. Ya bar ta da 'ya ɗaya, Ummukulsum, da gonar da ba tasa ba, aro ce daga wansa. Gonar jigawa ce, gero ma sai ya ga dama yake yi a cikinta, amma shingen nan sai ƙaruwa yake. Iya ta zuba masa ido ta ga bazara ta ƙone komai, shi yana nan kore. Sai ta fara yanka tana dasawa, layi bayan layi, har ya ci rabin gonar. Mun yi mata dariya, ni ma na yi. Muka sa mata suna Larai mai noman ƙaya. In ta wuce majalisa sai wani ya ce, "Iya, bana ƙayar ta yi kyau kuwa?" Ita kuma ta ce, "Ta yi, ɗan nan. In ka zo zan ba ka ka shimfiɗa."

Dariyar ta ƙare ne a shekarar da ruwa ya ɗauke kwana arba'in bayan shuka. Ciyawa ba ta fito ba, harawar bara ta ƙare, dabbobi suka fara kwanciya ba sa tashi. A'i, wata bazawara da ke bayan masallaci, wadda duk dukiyarta awaki ne, har yau in ta ba da labarin sai ta share hawaye. Ta ce ta je tana kuka, Iya ta ce mata, "Kukan me kike yi? Ɗauko adda ki biyo ni." Suka saro ganyen, Iya ta hura wutar kara ta babbake ƙayar, ta sassara, ta cakuɗa da ƙaiƙayin gero don kada ya sa su zawo. Awakin suka samu ci da sha a abu ɗaya. Ko ɗaya A'i ba ta rasa ba. Kafin a sake ruwa, rabin garin na tsaye a bakin gonar Iya da adda, har da masu tambayar ko ƙayar ta yi kyau. Ba ta tuna wa kowa ba.

Cecilia, ma'aikaciyar ɗakin shan maganinmu, wadda ta zo daga Filato ta kuma shekara goma sha huɗu a cikinmu, ita ma tana da nata abin faɗi. Ta ce tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, shi ne lokacin da ake kawo mata yara sun rame. To daidai lokacin ne ɓauren ƙaya ke nuna. Iya kan zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidanta da wuƙa, ta yanke kai da gindi, ta tsaga ɓawon, ta miƙa wa duk wanda ya zo. Matasan ganyen kuma ta yayyanka ta koya wa mata yin miya da shi, yauƙinsa kamar kuɓewa. Cecilia ta ce ita ba ta rubuta a takarda ba, amma ta san gidajen da wannan miyar ta riƙe. Doka ɗaya ce Iya ke da ita: kada a sha ya wuce biyar, saboda ƙwayoyin ciki na ɗaure ciki. Hussaini ɗan acaɓa, wanda kunnensa bai taɓa jin doka ba, ya taɓa shanye ashirin a zama ɗaya. Kwana uku ba a gan shi a kan babur ba, kuma garin nan bai bar shi ya manta ba.

Ke ce, Iya, mai ƙaya a hannu zaƙi a ƙwarya. Mu muka sha zaƙin, ke kika ɗauki ƙayar. Na sha ganinki da yamma kina shafa narkakken ƙaro a damtse, ya bushe ki ɓare, don ya fito miki da ƙaiƙayin da ya shige fata. Na fata yana fita. Na ido ne ba ya fita duka. Cecilia ta ce ba ta san sau nawa ta zaunar da ke a benci tana tsintar miki shi da ɗan hantsaki ba, tana yi tana faɗa, kina cewa, "Sista, yi haƙuri, iska ce ta juya ban sani ba." Shekara bayan shekara idon na yin ja, yana ruwa, har fari ya fara rufe na hagu. Duk mun gani. Sannu kawai muke cewa, mu karɓi namu mu wuce.

Shekara tara da suka wuce, ranar wata Alhamis a kasuwar Maigatari, wata Buzuwa da ta zo daga wajen Agadas ta ga Iya na sayar da 'ya'yan, ta ga idonta, sai ta kwance ƙullin kayanta ta ba ta ganye ɗaya. Santsi ne da shi, babu ƙaya, kuma ta ce ƙaiƙayin 'ya'yansa kaɗan ne, shafa ɗaya ya fita. Iya ta sa masa suna Sanƙo. Ta dasa shi a tsakiyar gona, ta kewaye shi da masu ƙaya don kada awaki su kai gare shi. Ɗaya ya zama uku, uku suka zama goma. Matar da ba ta taɓa hana kowa komai ba, sai ga shi ta hana kowa Sanƙo. Ni kaina na roƙa.

"Iya, ga shi ya fara yawa. Ba ni ganye ɗaya mana in sa a bayan ɗaki."

"Malam, in na ba ka yau, gobe a ce Larai ta san gidan masu boko. Gida sittin da huɗu ne a garin nan. Ranar da ya isa kowane gida biyar-biyar, ranar zan raba, kowa ya samu rana ɗaya. Ba na so wata 'ya mace ta sake zama gaban Sista ana tsintar mata ƙaya a ido."

Bana ne ya isa. Kuma bana ne magadan wan mijinta suka ce suna bukatar gonarsu za su sa riɗi. Ba zan zarge su ba, tasu ce, kuma sun yi shekaru suna kawaici. Suka ba ta har ƙarshen bazara. Bulama, mai garinmu, ya yanka mata fili a bayan gidanta. Ta kwana uku tana yankan Sanƙo, ganye ɗari uku da ashirin, ta kwaso su a amalanke ta jera a inuwar darbejiya, kowanne a kwance, babu mai taɓa wani. Niyyarta da farkon damina ta tara gari ta raba.

Washegari Ummukulsum ta iso daga Gumel, inda take aure, ta ce an samu ranar aikin ido a Kano, in aka rasa wannan sai baɗi. Iya ta so ta ƙi, 'yar ta sa kuka. Da za ta shiga mota ta ce mini, "Malam, kwana huɗu ne. A kula mini da awaki kada su shiga wajen kayan nan." Abin da ta ce ke nan, ba ta ƙara ba. Kwana huɗun nan sai da ya zama mako shida, domin likitoci sun tarar da abin ya fi yadda aka zata.

Rana ta biyu da tafiyarta na leƙa inuwar darbejiya na ga ganyen sun fara yaushi. Zafin bazara ne irin wanda kaza ke buɗe baki. Zuciyata ta karye. Na ce wannan baiwar Allah ta yi mana shekara talatin, yau ga kayanta na mutuwa a kan idonmu, mu zauna muna kallo? Bayan sallar la'asar na tashi a masallaci na yi jawabi, kuma ku yarda da ni, ya yi daɗi, har wasu suka goge ido. Aka yanka gayya. Washegari gari ya fito, maza da mata. Muka haƙa ramuka masu zurfi a filin bayan gidanta, kowa ya kawo takin da ya tara don gonarsa, muka binne ganyen har wuya, muka yi wa kowanne gurbi don ruwa ya kwanta. Sannan na raba layuka gida-gida, na ce safe da yamma, kada a kuskura a yi fashi.

Wanda bai san garinmu ba ba zai gane abin da wannan ke nufi ba. Famfonmu ya lalace tun sallar bara. Rijiyarmu sai an haɗa igiya biyu, kuma a bazara guga na fitowa rabi ruwa rabi laka. A nan, in mutum ya ba ka ruwa ya gama ba ka komai. Mata suka rage na wanki. A'i ta rage wa awakinta. Tsofaffi da ba sa iya ja suka riƙa zuwa da ragowar na butarsu. Ban taɓa ganin garin nan ya haɗu a kan abu ɗaya haka ba, kuma na yi alfahari da kaina ba kaɗan ba. Mutum ɗaya ne ya ba mu ciwon kai, Hussaini, da aka ba layin ƙarshe. Kullum yana hanyar Gagarawa da fasinja, in an tambaye shi ya ce ai tun da duku-duku ya zuba. Layinsa duk ya yamushe. Na tsare shi gaban mutane na ce masa marar kunya, marar tuna alheri.

A cikin kwanakin ne magadan suka aiko suna tambaya ko Iya ta gama kwashe abin da take so, don an samu tarakta. Na ce ta gama, ai ga su can mun dasa mata, su yi aikinsu. Aka ture gonar, aka tara uwayen Sanƙo da masu ƙayar wuri ɗaya, aka jibga musu kara aka cinna wuta.

Mako na biyu ganyen suka fara rawaya daga gindi. Muka ce ruwa ne bai ishe su ba, muka ƙara. Mako na uku suka fara faɗuwa, in ka taɓa yatsa ya nutse. Wari ya tashi. Sai a lokacin na gane gyaran gangar Auzinawa muka yi, amma ban san ta ina ba.

Ta dawo ranar wata Talata da azahar, Ummukulsum na riƙe da hannunta. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana bambance rana da inuwa, shi ke nan. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kai ta gindin darbejiya. Mutane sun taru yi mata sannu da zuwa, kowa ya sunkuyar da kai. Ta ɗaga hanci.

"Wannan warin fa?"

Ni na matsa na faɗa mata abin da muka yi. Ta ce a kai ta. Ta durƙusa a layin farko, ta laluba, hannunta ya shige cikin ruɓaɓɓen ganye har wuyan hannu. Sannan ta tambaye ni ruwan da muka riƙa zubawa.

"Sau nawa a rana?"

"Sau biyu, Iya."

"Daga rijiya?"

"Daga rijiya."

"Da wannan zafin?" Ta girgiza kai. "Kai, sannunku. Sannunku da wahala. Allah Ya ba da lada." Ta goge hannun a ƙasa. "Ba komai, a sake yankowa. Uwayen na gona ai."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da na faɗa mata an ƙone su, ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta zagi kowa ba. Zama ta yi daɓas a cikin takin, ta ɗora hannu biyu a gwiwa. A'i ce ta fara kuka, sauran mata suka kama. Can Iya ta ce, a hankali kamar mai yi wa kanta magana, "Ganyen nan in ka yanke shi, ciwo ka ji masa. Sai ya kwanta a inuwa mako biyu bakin ciwon ya bushe, sannan a kafa shi sama-sama a busasshiyar ƙasa, a tafi a bar shi. Yaushin da kuka gani ba mutuwa ba ce, warkewa yake yi. Ruwansa na cikinsa. Laifina ne, ban taɓa faɗa wa kowa ba."

A'a, Iya, ba laifinki ba ne. Shekara talatin muna sha, muna ciyar da dabbobinmu, muna miya, kuma a cikin gida sittin da huɗu babu mutum ɗaya da ya taɓa tsugunawa kusa da ke ya ce, "Yaya ake dasa abin nan?" Ni da na yi shekara talatin da biyar ina faɗa wa yara cewa matambayi ba ya ɓata, ban tambaya ba. Ga waya a aljihuna, ga lambar Ummukulsum a ciki. Na so ne ki dawo ki tarar da abin mamaki, a ce Malam ne ya shirya.

Ba ta tashi ba. Da gwiwa ta riƙa bin layukan tana lalubawa, ɗaya bayan ɗaya, Ummukulsum na roƙonta ta bari. Har ta kai layin ƙarshe. Nan hannunta ya tsaya. Ta matsa ganyen, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta matsa na kusa da shi.

"Layin wa ne wannan?"

Hussaini ya fito yana sosa ƙeya. "Nawa ne, Iya. Wallahi ko ɗigo ban taɓa zubawa ba. Takin ma bai kai layina ba. Ƙarya nake musu."

Sai ta yi dariya, hawaye na fita daga idon da ke gani da wanda ba ya gani. Ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan banza." Tara ta samu da rai a layin, sauran danshin maƙwabtansu ya kai gare su. Daga baya biyu suka bi 'yan uwansu. Bakwai suka rage daga ɗari uku da ashirin, kuma mai su ta haura saba'in.

Yanzu ba ta zuwa gona, babu gonar ma. Da safe akan shimfiɗa mata tabarma kusa da bakwai ɗin nan, ta zauna da sandarta tana korar awaki da kunne. A'i da wasu mata huɗu na zuwa su zauna gabanta, ta kama yatsunsu ta ɗora a kan ganye tana nuna musu inda ake yanka da yadda busasshen ciwo yake a hannu. Abin da ya kamata mu nema tun tana gani, yanzu muke nema.

Mun gode, Iya Larai. Mun gode da awakin da suka tashi, da yaran da suka kai kaka, da idon da kika ba mu ba mu biya ba. Allah Ya ba ki tsawon ran da za ki ji ranar rabon nan da kunnenki. Ku kuma masu karatu, na san kowane gari na da irin tata, wata ko wani da ke riƙe da sanin da kowa ke ci babu mai koyo. Ku yi koyi da haƙurinta, amma kafin nan ku je ku tsuguna gabansu ku yi tambaya tun suna iya nunawa. In kuma za ku taimaka, ku fara tambayar mai abu.

Makon jiya na zo wucewa ta bayan gidanta da buta. Ta ji motsin ruwa, ta ɗaga sanda.

"Wa ke nan da ruwa?"

"Ni ne, Iya. Alwala zan yi."

"To ajiye ta can nesa ka zo. Na uku daga gabas, jiya na ji wani abu a gefensa. Duba mini, toho ne ko ruɓa ce ta fara? Ka faɗa mini gaskiya, Malam, kada ka tausaya mini."

Na durƙusa na duba da kyau. Toho ne, kore, bai kai ƙwayar wake ba. Na faɗa mata. Ta ce in rantse. Na rantse. Tun da muke maƙwabtaka da ita, ba ta taɓa sa ni rantsuwa ba sai ranar.